Teburin Baƙo A Ƙauyen Ingila



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan zaman ƙauye a ƙasar Ingila, ganin cewa aikin asibiti ya zaunar da ni can shekaru masu yawa, kuma ga shi yanzu 'ya'yan da dama daga cikinmu suna can, wasu karatu, wasu aikin likita ko jinya, ba kuwa kowa ake turawa Landan ba. Zaman ƙauye magana ce mai faɗi, in na ce zan kwashe ta duka sai abincin da aka tanadar mana ya huce. Saboda haka na ɗauki ɓangare guda, wato cin abinci a waje. Waɗanda suka san ni a layin gabza ba za su yi mamakin wannan zaɓi ba.

Ƙauyen da na zauna yana cikin gundumar Berkshire, yamma da Landan, tafiyar 'yan mintoci a mota daga garin Maidenhead da ke bakin Kogin Thames. Abu na farko da Bahaushe zai lura da shi a irin wannan wuri shi ne, gidan Bature ba shi da zaure. Ba a yi wa mutum sallama haka kawai don ana wucewa. Maƙwabcinka zai ɗaga maka hannu kullum safiya, ya ce yau akwai sanyi, ka ce akwai sanyi, a haka za ku shekara biyar ba ka san kalar kujerun falonsa ba. Kada ka ɗauka don kai baƙo ne, haka suke yi wa junansu ma. Ga shi kuma a watan Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, kowa ya shige gida ya ja labule. To, a ina mutanen ƙauye suke haɗuwa? Coci tana nan, amma masu zuwa sun ragu ƙwarai. Kanti da gidan waya sun rufe a ƙauyuka da yawa. Abin da ya saura shi ne wurin nan da suke kira pub.

Kalmar an gutsuro ta ne daga public house, ma'ana gidan jama'a. Mu mashaya muke cewa, kuma ba ƙarya muka yi ba, domin ana sayar da giya a ciki, ba zan ɓoye muku wannan ba. Sai dai a ƙauye aikinsa ya zarce haka. Ku haɗa zauren mai unguwa da teburin mai shayi da rumfar mai tuwo, ku sa su cikin tsohon gini mai gajeriyar ƙofa da baƙaƙen azaru da murhun itace a bango, to kun kusa gane shi. In an dawo daga binne mamaci, nan ake zaman gaisuwa. In 'yan wasan kurket na ƙauye sun gama wasa, nan suke taruwa. Mai neman magini, da wadda kyanwarta ta ɓata, duk a jikin allon bakin ƙofarsa suke manna takarda.

Kowane pub yana da suna da allo mai hoto da ke lilo a waje. Asalin wannan tun shekarar 1393 ne, lokacin da Sarki Richard na Biyu ya wajabta wa masu sayar da giya su rataya alama don masu duba ingancinta su gane wurin. Da yake mafi yawan mutane ba su iya karatu ba, sai aka riƙa zana hoto. Har yau sunan da ya fi yawa a ƙasar shi ne Red Lion, wato Jan Zaki.

A da ba a san waɗannan wurare da girki ba, sai 'yar gyaɗa da burodi da cuku. Dokoki ne suka tura su kicin. A 1967 ministar sufuri Barbara Castle ta kawo dokar auna numfashin direbobi, ta yadda wanda ya sha ya wuce ƙa'ida ba zai ja mota ba. Pub na ƙauye kuwa da mota ake zuwa masa, sai ciniki ya ragu, dole mai wuri ya nemi abin da zai sa mutum ya taso daga gari. A 1991 aka buɗe wani mai suna The Eagle a Landan wanda ya sa girki a gaba, sauran suka yi koyi da shi. Dokar 2003 ta sassauta shigar yara in suna tare da babba, alhali da can yaron da bai kai shekara 14 ba ba ya shiga ɗakin da ake sayar da giya. Sannan ranar 1 ga Yuli, 2007 aka hana shan taba a ciki. Yau in ka shiga pub na ƙauye ranar Lahadi da rana, kaka da jikoki za ka tarar, ga jariri a kujerarsa, ga faranti ko'ina.

Yanzu bari in zo kan ladubban wurin, domin a nan ne baƙo yake jin kunya. Na farko, a pub na gargajiya ba a zuwa teburinka a tambaye ka. Kai za ka duba lambar teburinka, ka je gaban kanta, ka faɗi abin da kake so, ka biya, sannan a kawo maka. Wanda ya zauna yana jiran a zo, sai ya yi zaman jiran gawon shanu. Na biyu, a gaban kantar ba za ka ga layi ba, amma akwai layi. Mai sayarwa ya san wanda ya riga wani, masu jira ma sun sani. Ba a tafa hannu, ba a yin "sss", ba a kaɗa kuɗi a sama. Ka tsaya ka dube shi kawai. In ya zo kanka alhali wani ya riga ka, ka nuna masa wancan, nan take mutuncinka ya ƙaru a ƙauyen. Na uku, kicin yana da lokaci. Galibi daga 12 na rana zuwa 2 da rabi, sai kuma daga 6 na yamma zuwa 9 na dare. Da yawa ba sa girki daren Lahadi, wasu ba sa buɗewa ranar Litinin. In ranar Lahadi ce ko lokacin Kirsimeti, sai ka buga waya an ajiye maka tebur, in kuma ka ce ƙarfe 1, to ƙarfe 1 ɗin ake nufi, ba irin ƙarfe 10 na taronmu na yau ba.

Na huɗu, akwai karnuka. Bature na ƙauye da karensa yake yawo, kuma yawancin wuraren nan suna barin kare ya kwanta ƙarƙashin tebur a ɓangaren kanta. Wanda ba ya son kare ya taɓa masa tufafi sai ya nemi ɓangaren cin abinci, inda sau da yawa ba a shigar da su. Na biyar, maganar biya. A wurinmu wanda ya ce "zo mu je" shi ne mai biya, har a yi ta kokawar zaro kuɗi. A can in abokan aiki suka gayyace ka, kowa nasa zai biya, ko a raba lissafin daidai wa daida, kuma babu mai jin an yi masa rowa. Ruwan famfo kyauta ne, doka ta wajabta a ba duk wanda ya nema a wurin da ake sayar da giya. Tukuici kuwa, in a kanta ka yi oda ba dole ba ne, amma a gidajen da ake yi maka hidima a tebur sukan ƙara kashi 10 ko 12 da rabi cikin ɗari a kan lissafi. Tun watan Oktoba na 2024 doka ta ce wannan kuɗi na ma'aikata ne gaba ɗaya, mai gida ba ya taɓawa.

Shi kansa abincin fa? Sarkin abincin ƙauye shi ne gashin ranar Lahadi. Ana gasa ƙaton tsokan sa, ko na rago, ko kaza, ko alade, a yanka shi fale-fale, a haɗa da gasasshen dankalin Turawa da karas da kabeji, da wani abu mai kama da fanke mai rami a tsakiya da suke kira Yorkshire pudding, sannan a kwarara romo mai kauri a kai. Akwai kifi da soyayyen dankali, wanda kowa ya ji labarinsa. Akwai naman da ake dafawa a rufe shi da ɓawon fulawa a gasa. Akwai kuma wanda ake kira abincin ranar manomi, wato burodi da cuku da albasa mai tsami. Da jin sunan sai ka ce tun kaka da kakanni ake cinsa da wannan suna, alhali hukumomin tallata cuku da madara ne suka yayata shi a shekarun 1950 da 1960 don cukunsu ya shiga. Malaminmu na tattalin arziki zai ji daɗin wannan misali. Abincin yana da tsabta, yana ƙosarwa, amma babu yaji ko na misali. Uwargidana ba ta fita sai da ɗan ƙullin yajin ƙuli a jaka, har mai wurin ya saba, wata rana ya roƙi a ɗan sam masa, ya ɗanɗana, ya sha ruwa kofi biyu.

Ga Musulmi akwai ramuka a cikin farantin nan da ya kamata ya sani. Ƙullun da ake tsoma kifi a ciki kafin a soya, sau da yawa da giya ake kwaɓa shi. Naman da ake rufewa da fulawa akan dafa shi da giya, romo ma akan zuba masa. Dankali wani lokaci da kitsen dabba ake gasa shi. Abin da suke kira black pudding jinin alade ne aka daskarar, kada sunan ya ruɗe ka ka zaci kayan zaƙi ne. Kayan zaƙin ma wasu ana jiƙa su da barasa. Maganin duk wannan tambaya ce, matambayi ba ya ɓata. Tun watan Disamba na 2014 doka ta tilasta wa gidajen abinci su bayyana abubuwa 14 da jikin wasu mutane ba ya karɓa, irin su gyaɗa da madara da ƙwai. Alade da giya ba sa cikin jerin, amma dokar ta sa ma'aikata sun saba da a tambaye su, sukan shiga kicin su dawo maka da amsar gaskiya ba tare da ɓata fuska ba. Ni dai gasasshen kifi da kayan lambu na riƙe, nama kuwa a garin Slough muke saye, inda Musulmi suke da yawa kuma mahautan halal suke ko'ina.

Kusa da mu akwai wani ƙauye da ya cancanci a ba ku labarinsa, sunansa Bray, a bakin Thames. Duk kun san tayar Michelin. Kamfanin nan na Faransa tun 1900 yake buga littafin jagora ga matafiya, don mutane su yi ta yawo taya ta ƙare su sayi wata, daga baya ya shiga ba gidajen abinci taurari, ɗaya zuwa uku. Tauraro uku shi ne ƙololuwa, gidajen da suke da shi a Birtaniya duka 'yan ƙalilan ne, amma biyu daga cikinsu suna wannan ɗan ƙauye da za ka ratsa da ƙafa cikin minti goma. Na farko shi ne The Waterside Inn, wanda wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Michel da Albert Roux, suka buɗe a 1972, ya sami tauraro na uku a 1985. Na biyu shi ne The Fat Duck, wato Ƙosasshiyar Agwagwa, wanda Heston Blumenthal ya buɗe a 1995 a cikin wani tsohon pub, ya sami tauraro uku a 2004. Wannan kuku ya yi suna da faten dodon koɗi, da askirim mai ɗanɗanon ƙwai da naman alade. Sai an yi rajista tun da watanni, kuma cin mutum ɗaya ɗaruruwan fam ne. Ni ta bakin ƙofa nake wucewa in gaishe su a zuci. A garin Marlow da ke kusa kuma akwai The Hand and Flowers na Tom Kerridge, wanda a 2011 ya zama pub na farko da ya sami tauraro biyu. Wannan ya nuna muku nisan tafiyar da aka yi daga gyaɗa da cuku. Sai dai tsofaffin ƙauyukan yankin sukan yi ƙorafi cewa wuraren da suka tashi suna zama yanzu sun koma na masu manyan motoci daga Landan.

Wanda ba ya son kusantar pub sam, akwai ƙofofi biyu a buɗe gare shi. Ta farko ita ce gidan shayi, inda da rana ake ba da shayi da wani ɗan burodi mai taushi da ake shafa wa kirim mai kauri da jam. Ba ruwan yawancinsu da giya, kuma nan ne matattarar tsofaffin mata, waɗanda su ne gidan rediyon ƙauye. Ta biyu ita ce gidan abincin Indiya, wanda da wuya ka sami babban ƙauye ko ƙaramin gari da babu shi. Sunan Indiya ne, amma mafi yawan masu su Musulmi ne 'yan Bangaladash daga yankin Sylhet. Naman akasari halal ne, akwai shinkafa, akwai yaji, ko da yake da yawansu su ma suna sayar da giya ga Turawa. Abincinsu ya shiga jinin mutanen ƙasar, har a 2001 ministan harkokin waje Robin Cook ya ambaci wani girkin kaza nasu a matsayin abincin ƙasa. Sau da dama a bayan kicin ɗin irin wannan gida aka shimfiɗa mini darduma na yi Magariba.

Na san tambayar da ke zuciyar wasu iyayenmu a nan, wato me ya kai Musulmi irin wannan wuri tun farko? Tambaya ce ta gaskiya. Hanin zama a teburin da ake shan giya sananne ne, kuma ina da abokai a can da ba su taɓa taka ƙofar pub ba, ina ganin girmansu. Matsayin da na ɗauka, bayan na yi shawara da malamai, shi ne ina zuwa da rana, a ɓangaren abinci, da iyalina ko don wata hidima ta maƙwabta kamar gaisuwar mutuwa. Suna da wata al'ada ta karo-karo, inda kowa a tebur yake saya wa duk sauran abin sha bi da bi. Tun ranar farko na gaya musu ba na shiga wannan, domin ba na sha kuma ba na saya wa wani. Babu wanda ya yi mini dariya. Bature ya fi girmama wanda ya faɗi iyakarsa a fili bisa wanda yake kame-kame.

Wata shekara aka gwada wannan matsayi nawa. Ku sani wuraren nan suna ta rufewa. A shekarar 2000 akwai kimanin 60,000 a Birtaniya, kafin 2019 sun koma kimanin 47,000, sannan annobar korona ta sa aka garƙame su duka a watan Maris na 2020, wasu ba su sake buɗewa ba. Ƙauyuka sun fara ceton nasu da kansu. A 2003 mutanen Hesket Newmarket da ke arewacin Ingila, su sama da 100, suka haɗa kuɗi suka sayi nasu mai suna The Old Crown. Dokar 2011 kuma ta ba jama'a damar yin rajistar irin wannan wuri a matsayin kadarar al'umma, ta ba su wata 6 su nemi kuɗi in an tashi sayarwa. To, namu ma sai kamfanin da ya mallake shi ya so ya sayar wa masu gina gidaje. Wani dattijo manomi, maƙwabcina, wanda bai taɓa ƙwanƙwasa mini ƙofa ba, ya zo da takarda yana neman in sayi hannun jari.

Abin ya yi mini nauyi. A matsayina na likita na san tsofaffi nawa ne a ƙauyen da ba su da wanda za su yi magana da shi sai a can, wasu ma can kaɗai suke cin abinci mai zafi. Amma na ce masa addinina bai yarda in mallaki rabo a cinikin giya ba, ko da na fam ɗaya ne. Ya yi shiru, sannan ya ce ya gane, domin kakarsa 'yar ɗarikar Methodist ce, har ta mutu ba ta shiga pub ba. Sai ya gaya mini akwai abincin rana da ake yi wa tsofaffi duk mako a ɗakin taron ƙauye, babu giya a ciki, kuma suna neman kuɗi da mai ɗauko waɗanda ba sa iya tafiya. Nan na sa kuɗina da motata. Su kuma suka haɗa nasu suka ceci wurinsu.

Da Babbar Salla ta zo, uwargidana ta ce tun da sun nuna mana teburinsu, mu ma mu nuna musu namu. Muka gayyaci gida shida. Suka iso a kan minti, kowa da furanni a hannu. Aka ci soyayyen naman layya da waina da miyar taushe, dattijon nan ya koyi cin tuwo da hannu. Daga wannan shekara ya zama al'ada, har in watan ya matso sai su fara tambaya yaushe ne ranar ragon.

Saboda haka, 'yan'uwa, in za ku yi wa 'ya'yanku nasiha kafin su tafi, ko in kun yi waya da su, ku gaya musu abu uku. Su tambayi abin da ke cikin faranti ba tare da jin nauyi ba. Su faɗi iyakarsu tun ranar farko, da sakin fuska. Kada kuma su kulle kansu a ɗaki daga wurin aiki sai waya, domin kaɗaici a ƙasar sanyi ciwo ne, na ga abin da yake yi wa yaranmu. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da pub ba, ga gidan shayi, ga ɗakin taro, ga kuma ƙofar gidansa da zai iya buɗewa. Zumunci a ƙafa yake, a Berkshire ma haka ne.

 Malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, waɗanda suke raye Allah ya ƙara musu lafiya, ya saka musu da alheri. Allah ya tsare mana zuriya a duk inda suke, ya maimaita mana na baɗi. Wassalamu alaikum.